Sikila da Sauro: Me Ya Sa Wannan Gado Ya Ƙi Ƙarewa a Cikinmu?

Baban Fadila: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambayar da nake roƙon masana cikinmu su warware mini. Kowa ya san cewa a zamanin kakanninmu, kafin a sami ƙarin jini da magungunan da ake ba masu sikila a yau, yawancin yaran da aka haifa da wannan ciwo ba sa kaiwa shekarun aure. To idan masu ciwon suna rasuwa tun suna ƙanana ba su bar baya ba, kamata ya yi a ce ciwon yana raguwa daga zuriya zuwa zuriya har ya ƙare. Amma ga shi ana ƙiyasin cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi duk shekara a Nijeriya, kuma babu ƙasar da ta kai ta a duniya. Daga ina yake ƙara fitowa?

Likita Rabi: Wa alaikumus salam, Baban Fadila. Rabin amsar yana cikin yadda ake gadon abin. Kowane mutum yana ɗauke da ƙwayar gado guda biyu ta sinadarin haimogulobin, wanda shi ne yake ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Nau'in ƙwayar da aka saba da shi ana kiransa A, na sikila kuma S. Wanda ya gaji A daga ɓangarorin biyu shi ne AA, wanda ya gaji A da S shi ne AS, wanda kuma ya gaji S daga uwa da uba shi ne SS, kuma shi ne mai ciwon. Mai AS lafiyarsa lau, yana noma, yana fatauci, yana aure yana haihuwa, sau da yawa ma har ya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. Bambancin A da S kuwa bai wuce harafi ɗaya ba a cikin rubutun DNA da ke kan kuromosom na 11, wanda ya sa sinadarin amino na shida a jerin tubalan da suke gina haimogulobin ya canza, kamar yadda Vernon Ingram ya gano a 1956. Wannan ɗan canji ne yake sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje idan iska ta yi mata ƙaranci, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, ta haifar da ciwon ƙashin da iyaye suka sani sarai.

Malam Habu: Likita ta kafa tushe, bari in ɗora da lissafi, domin wannan fanni ba ya tafiya sai da ƙidaya. A 1908 wani masanin lissafi ɗan Ingila, G. H. Hardy, da wani likita Bajamushe, Wilhelm Weinberg, kowannensu ya gano ƙa'ida ɗaya ba tare da sun haɗu ba. Ƙa'idar ita ce, idan an san yawan kowane nau'in ƙwayar gado a cikin al'umma, kuma mutane suna aure ba tare da la'akari da wannan ƙwaya ba, to ana iya lissafa yawan kowane rukuni a cikin jarirai.

A ɗauka S ita ce kashi 15 cikin 100 na ƙwayoyin da ke yawo a wani gari, A kuma 85. A cikin jarirai 10,000, AA za su kasance 0.85 sau 0.85, wato 7,225. SS za su kasance 0.15 sau 0.15, wato 225. Sauran 2,550 su ne AS. Ku lura yadda wannan ya yi kusa da abin da ake faɗa game da ƙasarmu, cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, jarirai kimanin biyu cikin ɗari kuma SS. Yanzu a ƙirga ƙwayoyin S ɗin kansu. Yara 225 masu SS suna ɗauke da 450, masu AS kuma suna ɗauke da 2,550. Ke nan kashi 85 cikin 100 na dukkan S da ke garin suna jikin lafiyayyu ne, inda mutuwar masu ciwon ba ta taɓa su.

Sai dai wannan bai gama amsa tambayar Baban Fadila ba, domin ko da kaɗan-kaɗan ake zubarwa, abin da ake ragewa kowace zuriya ba a mayarwa dole wata rana ya yi ƙasa. Akwai abin da yake mayarwa, shi ne zazzaɓin cizon sauro.

Baban Fadila: Malam, a nan ne na tsaya. Mene ne haɗin sauro da gadon jini?

Malam Habu: Haɗin shi ne, yaro mai AS ya fi yaro mai AA tsira daga maleriya mai tsanani, irin wadda take taɓa ƙwaƙwalwa ko ta shanye jini. Anthony Allison ne ya nuna haka a 1954 a Gabashin Afirka, bayan ya lura cewa S ta fi yawa a bakin teku da kewayen Tafkin Victoria inda zazzaɓi ya yi katutu, ta kuma yi ƙaranci a kan tsaunukan Kenya inda sauro ba ya sakewa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna kariyar tana kaiwa kusan kashi 90 cikin 100 a kan nau'in zazzaɓin da ke kisa. Mai AS yana kamuwa, kada wani ya jefar da gidan sauronsa, amma ciwon ba kasafai yake kai shi bakin kabari ba.

Ba ma sai mun tafi Kenya ba. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike a kan maleriya a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. Da aka gwada jinin mutanen, an sami AS a kusan 24 cikin 100 na jarirai sababbin haihuwa, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar ya kai kusan 29. Babu wanda jininsa yake canzawa daga AA zuwa AS bayan an haife shi. Abin da ya faru shi ne, a cikin shekarun nan biyar yaran AA sun fi mutuwa, sai kason AS ya ɗaga a cikin waɗanda suka rage. SS kuwa sun kai kimanin 2 cikin 100 a wajen haihuwa, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ɗaya. Wannan shi ne zaɓin yanayi, an gan shi da ido a ƙasar Hausa cikin zuriya ɗaya: sikila tana cin SS ta gefe guda, zazzaɓi yana cin AA ta ɗaya gefen, AS na tsakiya su ne suka fi kaiwa ga aure, kuma duk lokacin da biyu daga cikinsu suka haɗu sai su sake haifar rukunan uku.

Alhaji Ɗanjuma: Malam Habu, Allah Ya ƙara basira. Ina biye da ku, kuma ina da magana biyu. Ta farko, idan na fahimta, kana cewa jikin kakanninmu ne ya ga zazzaɓi ya dame shi, sai ya ƙirƙiro S don ya kare kansa. Ta biyu kuma, ni dai ina tsoron kada a shigo mana da zancen Darwin ta bayan gida, a wayi gari ana gaya wa 'ya'yanmu abin da ya saɓa wa aƙidarsu game da asalin ɗan Adam.

Malam Habu: Allah Ya ja kwana, Alhaji. Game da ta farko, a'a, jiki bai ƙirƙiri komai don buƙata ba, kuma wannan ita ce gaɓar da ta fi ruɗa ɗalibaina. Canjin harafi a DNA yana aukuwa ne lokacin da ƙwayoyin halitta suke kwafar kansu, ba ya duban ko mai shi yana buƙatarsa. Yawancin irin waɗannan canje-canje ba sa amfani ba sa cutarwa, wasu suna cutarwa, ƙalilan ne suke dacewa da wani hali da ake ciki. Rariya ba ta ƙirƙirar tsaki, abin da aka zuba mata kawai take rabawa. Da wannan canji ya auku a jikin wani mutum a ƙasar da babu sauro, da wataƙila ya ɓace cikin 'yan zuriyoyi ba wanda ya san an yi shi. Ya auku ne a inda zazzaɓi yake kashe yara, shi ya sa jikokin mai shi suka yawaita. Wani nazari da Daniel Shriner da Charles Rotimi, masanin gado ɗan asalin Nijeriya, suka fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa duk S ɗin da ke duniya ta samo asali ne daga mutum ɗaya kimanin shekara 7,300 da suka wuce, a zamanin da Sahara take da ruwa da ciyayi, ko da yake akwai masanan da suka daɗe suna ganin ta ɓulla fiye da sau ɗaya.

Game da ta biyu, ba zan ɓoye muku ba, masana ilimin halittu suna ganin cewa waɗannan dalilai ne, idan aka ba su miliyoyin shekaru, suke raba jinsi daga jinsi, kuma abin da Darwin da Wallace suka gabatar ke nan a 1858. Wannan muhawara ce mai zaman kanta, tana da malamanta ta kowane ɓangare. Amma abin da muke kai a nan, wato sauyawar kason wata ƙwayar gado a cikin al'umma daga zuriya zuwa zuriya, abu ne da ake ɗibar jini a ƙirga, kuma a fannin gadon al'umma ma'anar juyin halitta ke nan.

Alhaji Ɗanjuma: To, muddin a kan abin da ake ƙirgawa aka tsaya, ba ni da ja. Sauran kuma na riƙe matsayina.

Likita Rabi: Alhaji, akwai misalin da na tabbata kun gani da idonku. Kun tuna lokacin da kulorokwin yake maganin zazzaɓi, a sha a yi ƙaiƙayi a warke. Yau babu likitan kirki da zai rubuta shi don maleriyar da muke fama da ita. Maganin bai lalace ba, ƙwayar cutar ce ta sauya. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin wadda ba ta jin sa a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, ta iso Gabashin Afirka a 1978, ta bazu zuwa yamma, har Nijeriya ta sauya manufa zuwa magungunan haɗi masu atemisinin a 2005. Duk wanda ya sha maganin ya kashe ƙwayoyin da ke jin sa, ya bar wa masu taurin kai fili su hayayyafa, sauro kuma ya kwashe su ya kai gaba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na Malawi. Sun janye kulorokwin a 1993, lokacin da mafi yawan ƙwayoyin cutar a can suke ɗauke da alamar juriya. Cikin shekara goma alamar ta kusa ɓacewa, domin idan babu maganin, juriyar nauyi ce a kan mai ita, sai masu jin magani suka sake rinjaye. Wannan yana nuna cewa babu ƙwayar gadon da take mai kyau ko mummuna a kan kanta, sai an dubi wurin da take da lokacin.

Nasiru: Malam, ni ɗalibi ne a aji biyu na jami'a, ina neman ƙarin haske. Idan maganar Likita haka take, ke nan a inda babu maleriya S za ta ragu? Kuma shin duk wani bambanci da ke tsakanin al'ummomi zaɓin yanayi ne ya kawo shi?

Malam Habu: Nasiru, tambayarka ta farko tana da amsa a Amurka. Baƙaƙen fatar can, waɗanda aka kwashi yawancin kakanninsu daga Yammaci da Tsakiyar Afirka, kimanin ɗaya cikin 13 ne AS a cikinsu, ƙasa sosai da namu. Amma ka yi hattara wajen fassara wannan, domin dalilai biyu ne suka haɗu: rashin matsin zazzaɓi, da kuma cuɗanyar jini da Turawa waɗanda yawancinsu ba su da S. Wannan ya kai mu ga tambayarka ta biyu. Abubuwa huɗu ne suke motsa kason ƙwayar gado: sabon canji a DNA, zaɓin yanayi, ƙaura da auratayya tsakanin al'ummomi, sai kuma dace kawai, wanda yake da ƙarfi a ƙaramar al'umma. Misalin na ƙarshe shi ne tsibirin Pingelap a Tekun Pasifik, inda guguwa ta hallaka mutane wajen 1775 har saura kimanin ashirin. Ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da ƙwayar makantar launi, kuma yau kusan ɗaya cikin goma na mutanen tsibirin ba sa ganin launi sam. Babu wani amfani da ta yi musu, tsira kawai ta faɗa a kan mai ita.

Ka kuma sani zazzaɓi bai bar tabo ɗaya ba a jinin Afirka ta Yamma. A Burkina Faso da arewacin Gana akwai haimogulobin C, canji ne a daidai wurin da S ta canza amma zuwa wani sinadarin daban, ita ma tana ba da kariya, shi ya sa kake jin AC da SC a sakamakon gwaji.

Maman Sadik: Ina gaishe da malamai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so a sauko da maganar zuwa ɗakin awo. Akwai abin da nake ji kullum daga iyaye masu AS su biyu: sun haifi ɗaya mai sikila, don haka ukun da za su biyo baya lafiyayyu ne, tunda an ce ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan irin wannan aure ne yake zuwa da SS. Na ga gidan da yara uku a jere suka zo da SS, uwar tana zaune a bakin gado tana matsa wa wannan ƙafa da tsumma mai ɗumi, wancan kuma idonsa ya yi rawaya ana neman jinin da za a ƙara masa. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, bai san abin da ya faru a na baya ba. Tambayata ita ce, yanzu da Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da gwajin rukunin jini na AA, AS ko SS, shekara nawa za a ɗauka kafin sikila ta ƙare? Sannan mene ne gaskiyar abin da ake cewa auren zumunci ne yake kawo ta?

Malam Habu: Hajiya, zan fara da auren zumunci. Ba ya ƙirƙirar S, kuma ba ya ƙara yawanta a cikin al'umma, abin da yake yi shi ne ƙara yiwuwar biyu su haɗu a jikin yaro ɗaya. Ga 'ya'yan wa da ƙani, yiwuwar yaronsu ya gaji kwafi biyu na ƙwaya ɗaya daga kaka ɗaya ita ce 1 cikin 16. Idan aka saka wannan a lissafinmu na ɗazu, SS yana tashi daga kimanin 2.3 zuwa kimanin 3 cikin 100. Ƙari ne, amma ba shi ne tushen matsalar ba, domin S ta yi yawan da bare ma yana ɗauke da ita. Inda auren zumunci yake da babban tasiri shi ne a cututtukan gado da ba kasafai ake samunsu ba, waɗanda da wuya bare biyu su haɗu a kansu.

Game da gwaji kuwa, amsata ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Gwaji yana rage haihuwar masu ciwon, amma ba ya rage ƙwayar. Idan kowane AS ya auri AA, ba za a haifi SS ko ɗaya ba, amma rabin 'ya'yan kowane irin wannan gida AS ne. Hasali ma, ƙwayoyin S da a da suke fita daga al'umma ta hanyar rasuwar masu SS yanzu za su zauna. Ranar da aka daina gwajin, a zuriya ta gaba ciwon zai dawo yadda yake.

Likita Rabi: Malam, lissafinka daidai ne, amma ina jin tsoron yadda za a karanta shi. Wani zai ce ashe gwajin banza ne. Mu a asibiti ba kason ƙwaya muke jinya ba, yaro muke jinya, kuma duk auren da aka sake tunani a kansa kafin a kai kuɗin gaisuwa wahala ce aka ɗauke wa wani gida. Abin da zan yarda da kai a kansa shi ne, gwajin ba na shekara goma ba ne, abu ne da za a riƙe har abada kamar rigakafi, kuma a yi shi tun yara suna makaranta, ba sai an sa rana ba, lokacin da zukata sun riga sun ƙullu kuma wasu suke neman takardar bogi.

Alhaji Ɗanjuma: To ni a ganina, tunda haka ne, me zai hana iyaye su daina ba masu AS aure gaba ɗaya, ko da 'yarsu AA ce? Ta haka ai za a tumɓuke abin daga saiwa.

Malam Habu: Alhaji, wannan yana nufin a hana kusan rubu'in al'umma aure, mutanen da ba su da ciwo, waɗanda kuma 'ya'yansu da AA ba za su taɓa yin sikila ba. A ƙasar da har yanzu ta fi kowace yawan mace-macen maleriya a duniya, waɗannan su ne ma yaran da suka fi tsira. Na san gidajen da aka mayar da kayan saurayi don an ga AS a takardarsa alhali yarinyar AA ce, kuma wannan zalunci ne da rashin fahimtar lissafi ya haifar.

Don a ga yadda abin yake da nauyin tafiya, a ɗauka an kawar da maleriya gobe, kuma babu mai SS ko ɗaya da yake haihuwa, wanda ba haka ba ne a yau, tunda da kulawa da magani irin haidiroksiyuriya da yawa suna girma su yi iyali. Ko a wannan hali, saukowar S daga 15 cikin 100 zuwa rabin haka zai ci zuriya bakwai, wato wajen shekara 175 idan aka ba kowace zuriya 25. Saukowa zuwa 1 cikin 100 kuwa zai ci zuriya fiye da 90, sama da shekara 2,300, domin duk lokacin da ta ragu sai haɗuwar biyu ta ƙara wuya, ragowar kuma su ƙara ɓuya a jikin masu AS.

Baban Fadila: Na gode, Malam, na gode Likita. Fadila da ƙannenta biyu ba a taɓa yi musu gwajin ba, ni AS ne, mahaifiyarsu AA. Likita, daga wace shekara ce sakamakon yake zama abin dogaro?

Likita Rabi: Akwai gwajin da ake yi wa jariri tun ranar haihuwa a asibitocin da suke da na'urarsa, amma gwajin da aka saba yi a yawancin ɗakunan gwaje-gwajenmu ya fi inganci bayan wata shida, lokacin da jinin jarirantaka ya ragu. Kada a yi shi cikin wata uku bayan ƙarin jini, domin jinin wanda ya bayar yana iya rufe na yaron. A naku gidan kowane yaro rabi da rabi ne tsakanin AA da AS, muddin sakamakon mahaifiyarsu daidai ne, kuma ina ba da shawarar ita ma ta maimaita nata a wani wurin daban.